Anna Pavlova: me ya sa har yau sunanta bai shuɗe ba a duniyar rawar bale?

Malamar Tarihi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanakin baya, ina cikin shirya darasi a kan ƙasar Rasha ta zamanin sarakuna kafin juyin juya halin 1917, na ci karo da wani ɗan gajeren fim baƙi da fari, wanda aka ɗauka a shekarun 1920 ba tare da sauti ba. Mace ce ita kaɗai a kan dandamali, sanye da fararen tufafi masu kama da gashin tsuntsu, tana tafiya a kan tsinin yatsun ƙafarta da 'yan taku ƙanana ƙwarai, har mai kallo ya ɗauka ruwa ne yake tafiya da ita. Hannuwanta suna karkarwa kamar fukafukan da ƙarfinsu ya ƙare, tana ɗaga su suna faɗowa, daga ƙarshe ta durƙusa, ta miƙe ƙafa ɗaya a gabanta, ta kwantar da kanta a kan hannuwanta, ta yi tsit. Sau huɗu na kalle shi a jere kafin na koma kan aikina.

Wannan mata ita ce Anna Pavlova, wadda aka haifa a birnin St. Petersburg a watan Fabrairu na 1881, mahaifiyarta kuwa wanki take yi wa mutane don ta ciyar da su. A 1890 uwar ta kai ta gidan wasa na Mariinsky kallon Sleeping Beauty, wani wasan bale, wato rawar dandamali ta Turai da ake ba da labari da motsin jiki a kan kiɗa, kuma tun daga ranar yarinyar ta ƙwallafa rai a kan rawa. Ta shiga makarantar bale ta masarauta tana da shekara 10, ta kammala a 1899, ta kai matsayin prima ballerina, wato babbar 'yar rawa a ƙungiyar gidan wasan, a 1906. Rawar da na gani a fim ɗin ita ce ta mutuwar suwan, wata farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, wadda Michel Fokine ya tsara mata a kan kiɗan Camille Saint-Saëns, an kuma ce ta yi ta kusan sau 4,000 a rayuwarta.

Tambayata ita ce: ta rasu tun 1931, ba ta bar makarantar da ke koyar da tsarinta ba, ba ta rubuta littafin koyarwa ba, fina-finan da suka rage nata kuma gajeru ne masu dishi-dishi. To, me ya riƙe sunanta? Ni a ganina tafiye-tafiyenta ne, domin ta ɗauki wata fasaha da aka killace wa sarakuna da attajirai ta kai ta garuruwan da ba a taɓa ganinta ba. Ina son jin ra'ayin waɗanda suka fi ni sanin lamarin.

Baba Injiniya:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika tuno mini da ƙuruciyata. Na yi karatu a birnin St. Petersburg a shekarun 1980, lokacin ana kiransa Leningrad, gidan wasan Mariinsky kuma ana kiransa Kirov. Tikitin ɗalibai ba shi da tsada, sai dai wurin zamanmu can sama ne kusa da rufi, inda mutum yake hango 'yan rawa kamar 'yan tsana. Ban manta da daren da na fara zuwa ba, cikin hunturu, muka miƙa manyan rigunan sanyinmu ga wata tsohuwa mai ajiye kaya, ta ba mu lamba, ta kuma ba mu hayar ɗan tabarau na hangen nesa. Da shi na fara ganin cewa matan da suke kama da auduga daga nesa gumi ne yake zuba a wuyansu, ƙirjinsu yana hawa yana sauka kamar na wanda ya yi tsere.

Amma zan ɗan saɓa miki. A can, sunayen da na fi ji a bakin mutane su ne na 'yan rawa Galina Ulanova da Maya Plisetskaya, sai kuma Agrippina Vaganova, wadda makarantar da Pavlova ta yi take ɗauke da sunanta tun 1957. Vaganova tsararta ce, ta riga ta kammalawa da shekara biyu kacal, kuma ba ta yi ko kusa da sunanta a kan dandamali ba, sai dai ta zauna ta tsara yadda za a koyar da yaro tun daga tsayuwa har zuwa tsalle, ta buga littafinta a 1934, kuma har gobe da shi ake koyarwa a ƙasashe da yawa. Pavlova kuwa ta bar Rasha a 1914 ba ta sake komawa ba. Idan ana maganar abin da ya dawwama a cikin sana'ar kanta, ni Vaganova zan nuna. Na Pavlova suna ne, suna kuwa wani lokaci yakan fi mai shi girma.

Abban Zariya:

Ina goyon bayan Baba, har ma zan ƙara. Wanda ya sauya alƙiblar bale a ƙarni na ashirin shi ne Sergei Diaghilev da ƙungiyarsa ta Ballets Russes, wadda ta fara wasa a Faris a 1909, ta kuma haɗa mawaƙa da masu zane da masu tsara rawa mafiya ƙwazo na zamanin a wuri ɗaya. Pavlova ta yi rawa da su a farkon lamarin, amma da aka ba ta jagorancin wasan bale na Firebird ta ƙi, saboda kiɗan Igor Stravinsky bai kwanta mata ba, sai Tamara Karsavina ta yi shi a 1910. Wato a daidai lokacin da sabon abu yake haihuwa, ita ta juya masa baya ta kafa ƙungiyarta, inda kowa yake kewaye da ita, kaɗe-kaɗen da take zaɓa kuma galibi masu sauƙi ne waɗanda ba sa wahalar da kunne.

Akwai kuma wani abu da yake damuna. Yawancin 'yan matan ƙungiyarta Ingilishi ne, amma sai a sauya musu suna zuwa na Rashawa domin 'yan kallo su yarda da su, kamar yadda Hilda Boot ta zama Hilda Butsova. Malama, da girmamawa, wannan ai ya fi kama da dabarar kasuwanci.

Malamar Tarihi:

Baba, na karɓi gyaranka game da Vaganova, kuma na gode. Ƙanena Abba, duk abin da ka kawo gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba, amma ina ganin muna auna abubuwa biyu da mudu ɗaya. Diaghilev ya yi wasanninsa ne galibi a manyan biranen da dama can suna da masu kallon irin wannan. Ita kuwa ta shiga jirgin ruwa da jirgin ƙasa ta je Kudancin Amurka, ta je Japan a 1922, ta je Indiya da Masar da Afirka ta Kudu, ta je Ostareliya da New Zealand a 1926. A Meksiko, a 1919, a filin wasan shanu ta yi rawa saboda yawan jama'a, har ta sa tufafin matan ƙasar ta yi rawarsu ta gargajiya mai suna Jarabe Tapatío a kan tsinin yatsu.

Misali ɗaya ya ishe ni. A 1917, a birnin Lima na ƙasar Peru, wani yaro ɗan shekara 13 ya zauna cikin 'yan kallonta. Iyalinsa ba su yarda namiji ya yi rawa ba, don haka sai da ya kai kusan shekara 20 a Landan kafin ya fara koyo, a ɓoye ma. Yaron nan shi ne Frederick Ashton, wanda ya zama babban mai tsara rawa na Royal Ballet ta Ingila, ya kuma shugabance ta daga 1963 zuwa 1970, kuma har tsufansa yana faɗa cewa ganin Pavlova ne ya jefa shi cikin wannan harka. Salon Ingila na bale, da yadda ake lanƙwasa jiki daga ƙugu zuwa sama da yadda ake sarrafa kafaɗa da hannu, da hannunsa aka gina shi, shi kuwa yana tsara rawa ne da siffarta a cikin idonsa. Haka Robert Helpmann, wanda shi ma ya zama fitaccen ɗan rawa, ya gan ta a Ostareliya a 1926 ya bi ƙungiyarta yana koyo. Littafin Vaganova yana koya wa wanda ya riga ya shigo aji, amma dole sai wani abu ya fara jawo yaron zuwa ƙofar ajin.

Ɗan Baduku:

Ina neman izinin manya in sa baki ta ɓangaren da na sani, domin ni ɗinkin takalma na gada kuma shi nake yi. Da na ga wannan muhawara sai na je na binciki irin takalmin da suke sawa, na kuma ga cewa a nan ma tana da hannu. Ƙafarta siririya ce, tsakiyarta ta lanƙwashe sosai, idon sahunta kuma ba shi da ƙarfi, alhali a zamaninta 'yan rawar Italiya ne ake yayi, masu ƙaƙƙarfar ƙafa, irin su Pierina Legnani da take juyawa sau 32 a jere a kan ƙafa ɗaya. Duk wanda ya taɓa auna ƙafa ya san cewa mai irin wannan lanƙwasa nauyinta yakan taru a wuri ɗaya, idan kuma aka ce ta tsaya a kan yatsu, babban yatsa ne zai sha wuyar duka.

Abin da ta yi shi ne ta sa a ƙara mata fata mai tauri, kamar ƙirgi, a tafin takalmin domin ya tallafi tsakiyar ƙafar, aka kuma baje bakin takalmin ya zama yana da ɗan fili da za a tsaya a kai. Mutanen lokacin sun ɗauki wannan a matsayin maguɗi, har ita kanta takan sa a gyara hotunanta don bakin takalmin ya fito da tsini. Yau kuwa takalmin da yawancin 'yan bale suke sawa a kan wannan tsari yake: baki mai faɗi da aka ƙarfafa da yadi da takarda da gam, da tafi mai tauri, sannan a rufe da yadi mai santsi. Baba Injiniya ya ce ba ta bar komai a cikin sana'ar ba, ni kuma a matsayina na mai sana'a ina ganin wanda ya gyara kayan aiki ya bar abu babba, ko da larura ce ta sa shi.

Baba Injiniya:

Madalla da wannan bayani, ɗana. Ban taɓa duban lamarin ta wajen takalmi ba, kuma na yarda da kai. Abin da ka faɗa ya tuna mini cewa malaminta Pavel Gerdt ya taɓa ja mata kunne da ta bar gasa da masu ƙarfin juyi, ta riƙe abin da Allah ya ba ta na laushin motsi. Daga baya ta ɗauki Enrico Cecchetti ya zama malaminta na musamman don ta ƙarfafa inda take da rauni. Saboda haka ba ragguwa ba ce a wajen horo, wannan kam ban taɓa zarginta da shi ba.

Ɗalibar Chennai:

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni a kudancin Indiya nake karatu, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne a nan na fara jin sunan Pavlova, a bakin mutanen da ba bale suke yi ba. Wata ƙawata ta kai ni Kalakshetra, makarantar rawa da kiɗa ta gargajiya da ke nan Chennai. Azuzuwan ƙananan ɗakuna ne a buɗe a ƙarƙashin itatuwa, ɗalibai ba takalmi, malama tana zaune a ƙasa tana buga sanda a kan ɗan katako, su kuma suna dukan ƙasa da tafin ƙafa daidai da bugun. Babu abin da ya yi kama da tsayuwa a kan yatsu, hasali ma kishiyarta ce, domin su ƙasa suke nema, bale kuwa sama take nema.

Wadda ta kafa makarantar a 1936, Rukmini Devi Arundale, ta saba da Pavlova ne a ƙarshen shekarun 1920, a cikin jirgin ruwa a hanyar Ostareliya. Ta fara koyon bale a hannun Cleo Nordi, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, amma Pavlova ta ba ta shawarar ta koma ta nemi rawar ƙasarta. Ta koma ta koyi rawar da a da ake kira sadir, ta fito da ita bainar jama'a a 1935, a lokacin da 'yar babban gida ba ta isa ta yi hakan ba, kuma wannan rawa ce ake sani yau da Bharatanatyam. Kafin wannan, a 1923 a Landan, Pavlova ta ɗauko Uday Shankar, wanda zane ya je koyo, suka yi rawar Radha da Krishna tare a gidan wasa na Covent Garden, daga nan ya bar zane ya zama jagoran rawar zamani ta Indiya. Shi ne yayan Ravi Shankar mai kiɗan sitar.

Sai dai dole in faɗi ɗaya ɓangaren, domin a nan ana muhawara a kansa har yanzu. Rawar tana da masu ita tun asali, matan da ake kira devadasi, waɗanda suka gaje ta iyaye da kakanni a wuraren bauta da fadodi. Da manyan gidaje suka karɓe ta suka tace ta yadda ta dace da su, sai waɗancan matan aka ture su gefe, dokar 1947 ta lardin Madras, wanda Chennai ce hedikwatarsa, kuma ta haramta tsarin nasu gaba ɗaya. Balasaraswati, fitacciyar 'yar rawa wadda ta fito daga irin wannan zuri'a, ta yi ta nuna rashin yardarta da tacewar har ƙarshen rayuwarta. Ba na ɗora wa Pavlova laifin wannan, amma idan za a lissafa abin da shawararta ta haifar, a lissafa har da shi.

Abban Zariya:

'Yar'uwa, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Me ya sa sai wata Baturiya ta ce wa 'yar Indiya rawarku tana da daraja kafin masu ilimin ƙasar su waiwaye ta? Ni wannan labari yana ba ni haushi fiye da yadda yake burge ni, domin na san irinsa a gida. Muna da Koroso, muna da raye-rayen sana'o'i da na bukukuwa, amma ɗan boko ba ya ɗaukar su abin nazari sai ya ji an yaba su a waje. Idan darasin Pavlova shi ne mu jira baƙo ya nuna mana dukiyarmu, to ba na so.

Malamar Tarihi:

Haushinka yana kan hanya, ƙanena, amma ka dubi wanda ya kamata ya ɗauke shi. Mulkin mallaka ne ya koya wa masu ilimin Indiya raina abin gida, ba ita ba. A zamanin da kusan duk Baturen da ya je can yake cewa ku bar naku ku koyi namu, ita da take da kowace dama ta tara almajirai, ga kuma wata mai hali da basira ta kawo kanta, sai ta ce mata koma gida. Wannan ne ya sa na daina ganin tafiye-tafiyenta a matsayin talla kawai. Duk inda ta sauka takan nemi masu rawar wurin ta zauna ta koya, a Japan da Indiya da Meksiko, kuma wanda yake ganin nasa ne kaɗai fasaha ba ya yin haka. Ban ce ta fahimci al'adun nan har zurfinsu ba, wasu daga cikin abin da ta kai dandamali da sunan Gabas kwaikwayo ne na sama-sama, amma ta je da kunne a buɗe.

Maman Ilham:

Sallama gare ku duka. Ni a Landan nake zaune da iyalina, kuma kusan kullum ina wucewa ta tashar Victoria. Idan ka fito ka ɗaga kai, a ƙololuwar gidan wasa na Victoria Palace akwai mutum-mutuminta mai ruwan zinariya, tana tsaye a kan ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe a baya. An fara kafa shi a 1911, aka sauke a 1939 saboda yaƙi, ya ɓace, sai a 2006 aka ɗora wani irinsa. Na yi shekaru ina wucewa ban san ko wace ce ba, sai da 'yata, wadda take zuwa ajin bale na yara ranar Asabar, ta ja hannuna ta nuna mini ta faɗi sunanta. Malamarsu ce ta ba su labarinta, ta kuma nuna musu fim ɗin da Malama ta ambata. Yarinyar ta dawo gida ta yi kwana uku tana karkaɗa hannu a gaban madubi, tana tambayata ko tsuntsuwar ta san za ta mutu.

Ina so in gyara wani kuskure da nake yawan ji, wanda ni ma na taɓa yi: wannan rawa ba daga cikin Swan Lake ta Tchaikovsky take ba, ita kaɗai take tsaye, 'yan mintuna ce, kuma babban gogen nan da ake kira celo shi ne yake ɗauke da kiɗan. Pavlova ta zauna a nan Landan daga 1912, a wani gida mai suna Ivy House a unguwar Golders Green, inda ta yi kiwon irin waɗannan tsuntsaye a tafkin lambunta tana nazarin yadda suke lanƙwasa wuya. Ta rasu a birnin Hague na ƙasar Holan ranar 23 ga Janairu, 1931, da ciwon haƙarƙari, saura 'yan makonni ta cika shekara 50, tana shirin fara wani zagayen wasanni. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba shi ne bayan yaƙin duniya na farko ta buɗe gida a Saint-Cloud, kusa da Faris, don 'yan mata marayu 'yan gudun hijirar Rasha, tana ɗaukar nauyinsu.

Baba Injiniya:

'Yata Maman Ilham, Allah ya raya miki ita. Tambayar da jikata ta yi, ko tsuntsuwar ta san za ta mutu, ita ce ainihin abin da manyan 'yan rawa suka saɓa a kai. Na ga Plisetskaya tana yin wannan rawa a talabijin a can, kuma ta ci gaba da yin ta har bayan ta haura shekara 60. Tata tsuntsuwar mai taurin kai ce, tana faɗa da ajali har numfashin ƙarshe, hannuwanta kamar ba ƙashi a cikinsu. Ta Pavlova kuwa, yadda na gani a tsohon fim ɗin, firgici ne da rauni, kamar tsuntsun da aka harba yana neman tashi. Taku ɗaya ne, kiɗa ɗaya, amma kowace mace da ta zo bayanta sai ta yanke shawarar ko za ta bi ta ko za ta saɓa mata, kuma na yarda cewa wannan ma gado ne a cikin sana'ar, ba suna kawai ba. Na janye rabin maganata ta farko. Rabin da na riƙe shi ne labaran da ake ƙawata mutuwarta da su, kamar cewa kalmarta ta ƙarshe ita ce a shirya mata tufafin suwan, domin irin waɗannan suna rufe wahalar aikin da ta yi, su mai da ita tatsuniya.

Abban Zariya:

Ni ma na sassauta a kan batun Rukmini Devi, Malama, ko da yake har yanzu ina ganin ƙin Firebird kuskure ne babba, kuma da ta zauna da Diaghilev ko shekara biyar, da mun gaji ayyuka masu nauyi da aka tsara a jikinta fiye da waɗanda ta bari. Zan nemi ƙarin karatu a kan Balasaraswati, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk waɗanda aka ambata.

Ɗan Baduku:

Na koma na sake kallon fim ɗin daren jiya bayan na rufe shago, amma a wannan karon na sa hannu na rufe rabin allon wayar, na bar ƙafafun kawai. Ina roƙon duk wanda zai kalla ya gwada haka sau ɗaya. Sama tana mutuwa a hankali, amma ƙasa ƙafafun ba su huta ba, suna ta ɗinki kamar allurar keke, kuma kusan duk tsawon rawar dunduniyarta ba ta sauka ƙasa ba sai inda ta durƙusa. Maman Ilham, idan akwai tsohon takalmi irin wannan da malamar 'yarki ta daina amfani da shi, don Allah ki tambayar mini ko za ta bayar, ina so in farke shi in ga yadda aka jera cikinsa.